Kan dakashi, ruwa da cibiyar jariri: amsar Gwaggo

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso ni tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu natsuwa, don wannan ba maganar da ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya.

Kin ce cikin ya shiga wata bakwai, kuma surukarki ta fara yi miki huɗuba: in kin sauka a matse nonon farko a zubar, wai ba shi da kyau, a riƙa ɗiga wa jariri ruwa har nonon gaskiya ya zo, cibiya kuma a shafa mata abin da zai busar da ita da wuri. A wajen awo kuma an gaya miki akasin haka. Kina tambaya ko ƙin bin maganarta raini ne, kuma ko ni haka na yi.

Haka na yi, ba zan ɓoye miki ba. A haihuwata ta fari kwana biyu ana matse mini nono a wani ɗan kwano. Har yau ina ganinsa a idona, rawaya-rawaya, mai kauri, yana manne wa gefen kwanon, a fita da shi a zubar. Yaron na tsala kuka, ana lallashinsa da ruwa a cokali. Kafin suna ya kama gudawa, maɗigarsa ta faɗa, leɓensa ya bushe. Da sauran kwanansa a gaba, shi ne yayanki da kike gani yanzu da gemu. Amma ban manta daren da na kwana ina sa yatsa a hancinsa ina jin ko yana numfashi ba.

Wannan abin da muka zubar shi ne dakashi, kuma ba a yi wa jariri wani abinci da ya kai shi ba. Kaɗan yake fitowa saboda tumbin yaro a ranar farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar ƙaramin cokali ɗaya a lokaci guda. Kaurinsa kuwa kariya ce daga jikinki, wadda ke shafe hanjinsa ta tare ƙwayoyin cuta kafin nasa jikin ya iya faɗa da kansa. Yana da bitamin A mai yawa, yana kuma turo wannan baƙin kashin na farko, wanda fitarsa da wuri ke rage ciwon shawara ga jarirai. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa yaro a nono cikin awa ɗaya da haihuwarsa. Ke ma kina da riba a ciki. In yana tsotso za ki ji mararki tana murɗawa, kada ki tsorata, mahaifa ce ke tsukewa, kuma tsukewarta ke rage zubar jini. Tsotson nan dai shi ke kiran farin nonon da ake jira, ya zo a kwana na uku ko na huɗu. Mu da muka hana yaro tsotso muna jiran nono, mun toshe rijiya ne muna jiran ruwa.

Maganar ruwa ta fi wuyar shiga kunnen tsofaffi, don tausayi ne ya haife ta. Mutum ya ga ana zafi, shi kansa yana kwankwaɗar ruwa, ya ce yaya za a bar ɗan jariri da ƙishi? To, fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Cokalin ruwan da za a ba shi ya cinye wurin nono a ɗan tumbinsa, ga shi ruwan ko cokalin na iya ɗauke da abin da ido ba ya gani. Wata shida cur nono zalla, ba ruwa, ba jiƙo, sai maganin da likita ya rubuta. Bayan nan a fara ba shi abinci, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu. Zuma kada ta taɓa bakinsa sai ya cika shekara. In an ce miki ba ya ƙoshi, ki ƙirga: yana kama nono sau 8 zuwa 12 dare da rana, kuma daga kwana na biyar yana jiƙa ƙunzugu kamar sau 6 a yini? To ya ƙoshi. Ƙishin naki ne, ke za ki ajiye ruwa kusa da ke.

Cibiya ba ta son komai sai tsabta da iska. Ki naɗe ƙunzugu ƙasa da ita, ki wanke hannu kafin ki taɓa, za ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. In an ba ki maganin shafawa a asibiti, shi kaɗai za ki sa, kuma kada ya kusanci idon yaro. Toka, mai, ƙasa, duk ƙofa ce ga cutar tetanus, mai sandarar da jariri ta ƙulle masa baki ya kasa kama nono. Allurar da ake yi miki a wajen awo domin ita ce. In gindin cibiyar ya yi ja, ko tana wari, ko yaro ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, ba a kwana da shi a gida. Wankan farko ma a jinkirta shi zuwa awa 24, a goge shi a kwantar miki a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe ku.

Yanzu batun surukarki. Ba muguwa ba ce, ita ma haka aka yi mata, kuma ta raini mijin da kike aure. In kika ce mata "an ce a asibiti", abin da za ta ji shi ne kin ce ba ta iya ba. Kada ki ja da ita baki da baki. Ki zaunar da mijinki tun yanzu ya fahimta, shi ya san yadda zai shigar wa mahaifiyarsa. Ranar awo na gaba ki roƙe ta ta raka ki, ki yi wa unguwarzoma tambayar a gabanta kamar ke ce ba ki sani ba. Abin da babba ya ji da kunnensa, gobe shi zai riƙa faɗa wa wasu kamar nasa ne. Sannan ki cika mata hannu: ita za ta riƙe miki shi ki yi barci, ita za ta sa shi gyatsa, ita za ta kori masu barka in sun daɗe. Wannan ɓangaren na al'ada, wato kada a bar mai jego ita kaɗai, ki riƙe shi hannu bibbiyu, ba a sayar da shi a kantin magani.

Kafin nan kada ki yi wasa da awo, tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a je aƙalla sau 8. Ƙwayar ƙarin jini ki daure ki sha ko tana tayar miki da zuciya, in ta dame ki ki koma shanta da dare. Kin ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko ido na yi miki dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, ko yaro ya rage motsi, ki tafi a lokacin, ko tsakar dare ne. Ki haɗa jakarki tun wata takwas, ku tsayar da wanda zai kai ki.

Ki gaida mijinki da surukarki. In naƙuda ta taso ki sa a kira ni, wayata tana kwana a gefen matashina.