Abin da ya sa na juyar da mu jiya

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da na hana mu sauka gangaren nan, alhali sama garau take, dusar ƙanƙara ta kwana biyu ba ta zuba ba, sanarwar safe kuma ta ce haɗarin zaftarewar dusar mataki na 3 ne cikin 5. A ganinka 3 tsaka-tsaki ne.

To, ka sani, a nan tsaunukan Alps matakin da ya fi cin rayukan masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ke nan. Ranar 4 ko 5 kowa yana gida, tsoro ya tsare shi. Ranar 3 kuwa lumbu-lumbu ce, wutar ƙaiƙayi.

Kai saman ƙanƙarar kake kallo, ni ƙasanta nake tunani. Dusar nan hawa-hawa take kwanciya. A farkon hunturu, lokacin da ba ta yi kauri ba, sanyin dare ya mayar da ta can ƙasa garas-garas kamar sukari, ko ka dunƙula ba ta kamuwa. Sai iska ta kwaso sabuwa daga bayan dutse ta jibge a kai, ta daskare ta zama falle guda. Ka ɗora faranti a kan gero, ka karkata tabarmar, ka ga abin da zai faru. Wannan rauni yana iya yin makonni a binne yana jira. Ka tuna nishin da ƙasa ta yi, "wuf", da tsagar da ta gudu daga bakin katakon zamiya da ke ƙafarka? Fallen ne ya zauna a kan sukarin. Daga nan ban ƙara shawara da kowa ba.

Gangaren kuma ya kai digiri 35. Tsakanin 30 da 45 ne fallen ya fi ɓallewa, kuma yawanci wanda abin ya rutsa da shi, shi ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da shi.

Kada na'urar da ke rataye a ƙirjinka, mai nuna inda mutum yake a ƙarƙashin dusa, ta ba ka ƙarfin hali. Ita da sandar caka da shebur aikinsu nema da tono ne bayan dusa ta binne mutum. Wanda aka fito da shi cikin minti 15 galibi yana rayuwa, bayan rabin awa kuwa yawancinsu numfashi ya ƙare.

Gobe da asuba ka zo da sheburinka. Za mu haƙa rami a wuri mai sauƙin gangara, ka sa yatsanka a cikin sukarin nan da kanka.