Tambaya da Amsa: Takunkumin ƙyallen atamfa yana kare mutum kuwa?

Tambaya (daga lokacin annobar korona): Assalamu alaikum. Ni tela ce a Agege, a Legas. Tunda korona ta sake tashi ɗinki ya yi ƙasa, ga ragowar atamfa da shadda buhu guda a ɗaki. Na yi niyyar ɗinka takunkumi in raba wa matan islamiyyarmu da 'yan dako sadaka, sai maigidana ya ce wahalar banza ce, ƙyalle ba ya tare ƙwayar cuta. Haka ne? In zan yi, yaya zan yi shi ya amfanar? Daga Maman Hanifa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Allah ya ba da ladan niyya.

Maigida yana da rabin gaskiya. Ƙwayar korona ƙanƙanuwa ce ƙwarai, in ita kaɗai ce za ta ratsa saƙar kowane yadi. Sai dai ba ita kaɗai take fita ba, a cikin feshin yawu da majina take tafiya lokacin da mutum ke tari, ko atishawa, ko magana da ƙarfi, kuma wannan feshin ƙyalle yana tare kaso mai yawa daga cikinsa. Ga shi mutum yana iya yaɗa cutar kafin ya ji ko ciwon kai. Ki tuna yadda ake matsuwa a motar haya ta danfo daga Agege zuwa Oshodi, kafaɗa da kafaɗa, kwandasta na ihu a kan kowa. A irin wannan wuri, takunkumin da ke fuskar na kusa da ke ya fi kare ki a kan wanda ke taki fuskar. Shi ya sa gwamnatin Gwamna Sanwo-Olu na Legas ta wajabta sa shi a bainar jama'a a ƙarshen Afrilun 2020, kafin a sassauta kullen korona da aka fara ranar 30 ga Maris.

Yanzu batun yadi. A watan Yunin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce takunkumin ƙyalle ya zama rufi uku: na ciki auduga mai tsotse danshi, na tsakiya abin tacewa wanda ba saƙa shi aka yi ba, na waje kuma yadin da ba ya shan ruwa, irin mai roba-roba. Duk ana samunsu a Legas ba tare da an je nesa ba. Na ciki, ki nemi farar auduga mai laushi, ko zanen gado mai tsafta. Fari ya fi, don mai shi ya gane ciki da waje, ya kuma ga datti in ya taru. Na tsakiya, sitei ɗin nan da kuke sawa a wuyan riga zai yi, amma marar gam, domin mai gam in ya sha guga yana toshe iska. Na waje, atamfarki za ta shiga, musamman irin mai araha da aka gauraya da roba. Abin dariya, a nan ita ta fi mai tsadar amfani.

Kowane ƙyalle ki ɗaga shi ki kalli rana ta cikinsa. In kina hango haske ta ramukan saƙar, ajiye shi. Leshi da mayafi da yadi mai talewa kada ma ki ɓata zarenki a kansu. Shadda kuwa ki wanke ta tukuna, sitacin da ke sa ta ƙyalli yana ruɗin ido, sai ya fita za ki ga ainihin saƙarta. Atamfar ma a wanke ta kafin a yanka, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko, ga rini da ba a so a yi ta shaƙa.

Inda na fi so ki tsaya shi ne zaman takunkumin a fuska, don a nan yawancin na kasuwa suke faɗuwa. Iska ba ta wahalar da kanta. In ta sami kafa a gefen kumatu ko a saman hanci, ta nan za ta bi, rufi ukun nan ya tashi a banza. Ga babba, ki yanka kamar inci 9 a faɗi, 7 a tsaye, ki yi masa kalmasa uku suna kallon ƙasa, yadda in an buɗe zai rufe daga karan hanci har ƙarƙashin haɓa. Ki yi ɗan aljihu a sama ki zura siririyar waya mai lanƙwasuwa, ki naɗe bakinta kada ta soki mutum. Masu tabarau za su yi miki addu'a, domin ita ke hana gilashi yin hazo.

Sannan ki tuna su wa za ki ba. Matan islamiyya da hijabi suke fita. Robar kunne sai an cusa hannu cikin hijabi a saka, a sake cusawa a cire, kuma ana cikin haka ake taɓa ido da hanci. Na su ki yi da igiya biyu ko doguwar roba da za ta zagaya ƙeya ta saman hijabin. Za ki ji wata ta ce ai tana da niƙabi. Niƙabi a sake yake ta ƙasa, numfashi na fita yadda ya so. Ta sa takunkumin a ƙarƙashinsa. Na maza masu gemu ki ƙara tsawo da inci ɗaya ko biyu, duk da dai gemu ba ya barin ya kama sosai.

Da ki ba mutum ɗari guda ɗai-ɗai, gara ki ba hamsin bibbiyu. Zafin Legas da gumi ba sa barin ƙyalle ya wuni a bushe, balle a fuskar ɗan dako a kasuwar Mile 12, kuma jiƙaƙƙen takunkumi yana hana numfashi, sai mai shi ya sauke shi haɓa. Da biyu, ana sa ɗaya ana wanke ɗaya. Wankin kullum ne, da sabulu da ruwan zafi. In da ruwan sanyi aka wanke, a tafasa shi minti ɗaya, a shanya a rana.

Ke ma kafin ki raba, ki wanke su, ki goge da dutsen guga mai zafi, ki wanke hannu ki sa kowane biyu a ledarsu. Kada ki bar kowa ya gwada ya mayar, kamar yadda ake yi da masu talla a gosulo. Ranar da kika tashi da zazzaɓi ko tari, ki rufe keken har ki warke.

Akwai waɗanda ɗinkinki bai wadatar da su ba. Wanda ya kai shekara 60, da mai ciwon suga ko hawan jini, da wanda ke jinyar mai cutar a gida, na asibiti ya kamata su sa. Yaron da bai kai shekara 2 ba kuwa ba a sa masa kowane iri, komai kyan ɗinkin, saboda ba zai iya cire shi da kansa ba in numfashi ya yi masa wuya.