Asabar, Lahadi da Hutun Jaki: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka iso mini a nan Jos wannan makon sun taru a kan kalmar hutu da ranar da ta dace da shi, don haka na haɗa su wuri guda.

Wani ɗalibin tauhidi daga Bukuru ya rubuto: Malam, Farawa 2 ta ce Allah ya huta a rana ta bakwai, Ishaya 40:28 kuma ta ce ba ya gajiya. Wani abokina ya ce masu fassara ne suka yi kuskure. Haka ne?

Ɗana, abokinka ya yi gaggawar yanke hukunci, amma kunnensa ya ji wani abu na gaskiya. A bakin Bahaushe hutu ɗan'uwan gajiya ne, ba sa rabuwa. Wanda ya dawo daga tafiya ana ce masa ya huta gajiya, wanda aka tarar a inuwa ana ce masa sannu da hutawa, yaron da bai taɓa ɗaukar tulu ba kuwa ana kiransa ɗan hutu, kuma ba yabo ake nufi ba. Saboda haka duk Bahaushen da ya ji an ce Allah ya huta, zuciyarsa za ta kawo masa hoton manomin da ya jingine fartanya yana share gumi. Kalmar Ibrananci da ke wurin, wato shabat, tushenta dainawa ne, ko tsayawa daga aiki. Maginin da ya ɗora jinka ya sauko ya daina aiki ne domin ɗaki ya kammala, ko da ƙarfinsa na nan daram. Masu fassara sun zaɓi huta domin ita ce ke riƙe da daɗin abin, ga shi daina ita kaɗai ta bushe da yawa, tana iya nufin an fasa. Aikin mai wa'azi ne ya cike giɓin, maimakon ya tsaya a bagade yana kwatanta Mahalicci da lebura ranar biya, kamar yadda na taɓa ji da kunnena.

Wata uwa daga Tudun Wada ta ce: Malam, ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa tunda ɗaya daga cikin Dokoki Goma ta ce a tuna da ranar Asabar, mu masu sujada ran Lahadi duk mun kauce. Na rasa amsar da zan ba shi.

Malama, rabin wannan gardama Hausa ce ta jawo mana ita, kuma wannan ne ya sa ban gajiya da maganar. Sunayen ranakunmu daga Larabci muka aro su. Lahadi na nufin ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu, Alhamis ta biyar, Juma'a ranar taruwa, sai Asabar, daga as-sabt, wadda tushenta ɗaya ne da shabat ɗin da na ambata a sama. Ke nan kalma guda ce take ɗauke da kaya biyu a harshenmu: sunan rana a kalanda, da kuma sunan ka'idar hutun da aka ba Isra'ila. Bature yana da kalmomi biyu dabam, shi ya sa yake iya kiran Lahadi Asabar ɗin Kirista ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, kamar yadda malaman ikkilisiya masu tsara bayanin bangaskiya na Westminster a Ingila suka koyar a 1646. Mu kuwa in aka ce Lahadi ce Asabar ɗinmu, ko yaro zai yi dariya, domin kamar an ce masa Talata ce Larabarmu. Wannan matsala ce ta sa wasu fassarorin Littafi Mai Tsarki suka ware Asabbaci domin ka'idar, suka bar Asabar ga kalanda. Cikakken Littafin ya fito da Hausa a 1932, masu karatu kuwa sukan yi tuntuɓe a wannan wuri, kuma ina ganin masu raba kalmomin sun yi dabara.

Game da tarihin kuwa, ɗanki bai ƙirƙiro maganar ba. 'Yan Adbentis, waɗanda ikkilisiyarsu ta kafu a Amurka a 1863, kuma suke da asibiti a Jengre nan kusa da mu, suna tsaye a kan cewa doka ta huɗu a Fitowa 20 ba ta canja ba, suna kuma kiyaye ranar daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa faɗuwar rana ta Asabar. Masu Lahadi suna nuna Ayyukan Manzanni 20:7, inda almajirai suka taru domin gutsuttsura gurasa a rana ta fari ta mako, da 1 Korintiyawa 16:2 a kan tara baiko a wannan rana, sa'an nan su ƙara da Kolosiyawa 2:16 da Romawa 14:5, inda Bulus ya hana a hukunta juna a kan ranaku. Abin da ba na so shi ne yadda matasa ke maimaita cewa Sarki Kwanstantin na daular Roma ne ya ƙirƙiro sujadar Lahadi. Dokarsa ta shekara ta 321 ta umarci alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su dakata da aiki a ranar, har ta ƙyale manoma su je gona, amma tun a tsakiyar ƙarni na 2 Jastin Shahidi, wani marubucin Kirista na farko, ya riga ya bayyana yadda Kirista ke taruwa ran Lahadi. Sarkin ya mai da ranar taro ranar hutun hukuma ne. Haka kuma masu Lahadi su daina yi kamar Asabar ta ɓace dare ɗaya, domin da ba a kiyaye ta a wasu wurare, da taron shugabannin ikkilisiya na Lawudikiya a ƙarni na 4 bai tsaya yana hana Kirista zaman hutu a cikinta ba, ga kuma ikkilisiyar Habasha da har yau take girmama ranakun biyu. Ni ɗan Lahadi ne, ban ɓoye ba, amma ki ce wa ɗanki ya fara rarrabe Asabar ta kalanda da ta ka'ida kafin ya kira uwarsa ɓatacciya.

Wani daga Anglo-Jos: Malam, daidai ne a ce ran Sati?

Sati daga sunan ranar a Turanci ya fito, ya kuma zama sunan mako gaba ɗaya. A kasuwar Terminus ba laifi, amma a rubutu da kan bagade a ce Asabar, a ce mako.

Wata shugabar zumuntar mata ta tambaya: Baba, mene ne hutun jaki, kuma zan iya amfani da shi a koyarwa?

'Yata, cikakkiyar maganar ita ce hutun jaki da kaya a ka, kuma ban san karin maganar da ta fi ta dacewa da wannan batu ba. Ina yaro masu itace kan tsaya a ƙofar gidanmu, mai jakin ya shiga zaure yana ciniki, dabbar kuwa tana tsaye a rana da mangala a bayanta, ta sunkuyar da kai, ta ɗage ƙafar baya ɗaya tana kore ƙuda da wutsiya. Tafiya ta tsaya, amma ba wanda ya sauke mata ko ice ɗaya. Abin lura shi ne dokar Asabar ta ambaci jakin da sunansa. Maimaitawar Shari'a 5:14 ta lissafa ɗa da 'ya da bawa da baiwa da sa da jaki da baƙo, aya ta 15 kuma ta ba da dalili, cewa ku ma bayi ne a Masar. A Fitowa 23:12 kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a kan hutun ɗan baiwa da baƙo tushenta numfashi ne, daidai da yadda muke cewa bari in numfasa. Ashe dokar ba ta tsaya ga mai gida kaɗai ba, tana tambayarsa ko waɗanda ke ƙarƙashinsa sun samu sararawa.

Yanzu ki duba Lahadin wata mai tumatir a Farin Gada. Ta tashi da asuba ta ɗora tukunya, ta shirya yara, ta je sujada, ta tsaya taron kwamiti, ta wuce gaisuwar mara lafiya da zumunta, ta dawo ta tarar da baƙin mijinta suna jiran tuwo, 'yar aikinta kuma tana bakin famfo da tulin wanki domin ranar ce kaɗai ruwa ya zo. Mai gidan zai ce iyalinsa sun kiyaye ranar Ubangiji, tunda ba wanda ya buɗe rumfa. To, wannan shi ne hutun jaki. Ki yi amfani da karin maganar, ki haɗa ta da Markus 2:27, inda Yesu ya ce an yi Asabar domin mutum, da Matiyu 11:28, inda masu nauyin kaya ne aka kira. Sai dai kada wata ta ɗauko miki "da zaman banza gara aikin kishiya" ta ce ta rushe koyarwar. Zaman banza na wanda bai ɗauki kaya ba ne tun farko, kuma masu haɗa shi da hutu ba su saurari harshensu da kyau ba.

Wani mai karatu: Me ya sa ake cewa wanda ya rasu ya huta?

Saya ce irin ta Hausa, domin bakinmu ba ya son kiran mutuwa kai tsaye, musamman ga wanda ya daɗe yana jinya. A wurin Kirista ta dace da Ibraniyawa 4:9, wadda ta ce akwai sauran hutun Asabar da ke jiran jama'ar Allah. Amma a kula da wurin faɗinta, domin gwauruwar da aka bar wa 'ya'ya biyar ba lallai ta ji daɗin a ce mata mijinta ya huta tun ranar farko ba.

Daga Gada Biyu: Asabe da Ladi sunayen Kirista ne ko na Musulmi?

Na kowa ne. Sunayen ranar haihuwa ne, Asabe da Ɗan'asabe na Asabar, Ladi da Ɗanladi na Lahadi.