Ga 'yar'uwar da ɗanta ba ya shiri da gyaɗa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce ɗanki mai shekara 3 da zarar ya ci abin da ke da gyaɗa sai borin jini ya feso masa, leɓe ya kumbura, likita ya hana, amma dangi na cewa tsirfa ce kawai. Kina tambaya ko akwai iyaye masu irin wannan lalura a nan Katsina, kuma me haɗuwa da su za ta ƙara miki.

Akwai su, sai dai kowa ta yi shiru a ɗakinta. Inda za ki same su shi ne layin ganin likitan yara, a Asibitin Turai Yar'adua ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ki buɗe baki ki yi wa ta kusa da ke magana, ko ki bar wa nas lambarki ta ba duk uwar da ta yarda. Uwa biyar ko shida a zauren WhatsApp sun isa. Zaure mai mutum ɗari biyu, gaisuwar Juma'a da tallan atamfa ne za su binne saƙon mai neman agaji.

Aikinku na farko shi ne tattara inda gyaɗa ke ɓuya, don a girkinmu ba wurin da ba ta leƙa ba. Kowa ya san kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dakuwa. Waɗanda ke kama mutane su ne yajin tsire da na balangu, kilishi, kwaɗon zogale da na rama, miyar taushe, fate, wani lokacin har yajin da ake barbaɗa wa ɗanwake. Man gyaɗa na gida, wanda ake matsa daga tunkuza, yana ɗauke da sinadarin da ke tayar da ciwon, don haka ƙosai da awara da fanke na bakin hanya sai kin tambayi man da aka soya su. Sai injin markaɗe. In an markaɗa gyaɗar wata kafin a zuba kayan miyarki, ragowar da ta maƙale a bakin injin ta isa ta tayar wa yaro. Haka turmi da muciya da ludayi. A wanke da sabulu, ɗauraya da ruwa kaɗai ba ta fitar da maiƙon. Nan ne zumuncin ke rana: wannan ta san mai injin da ke yarda ya wanke in an je da sassafe, waccan ta san mai tsiren da ke gasa naman daban ba yaji, wata na da bilenda ana kawo mata niƙa.

Na biyu, kuma shi ya fi komai, kowace uwa a cikinku ta haddace alamun haɗari na yaran sauran. Yawanci abin na tasowa daga 'yan mintuna zuwa awa 2 bayan cin abincin. Ƙaiƙayi da ƙuraje kaɗai, maganin da likita ya rubuta irin su Piriton na kwantar da su. Amma in murya ta dushe, tari ya sarƙe, numfashi na fita da ƙara, harshe ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa, ko yaro ya yi laƙwas, to Piriton ba ya maganin wannan. Maganinsa allurar adiranalin ce a tsokar cinya ta gefen waje, ba jinkiri. Ana auna ta da nauyin yaro, miligiram 0.01 ga kowane kilo, wato mai kilo 15 zai samu 0.15, ana iya maimaitawa bayan minti 5 in bai sassauta ba. Irin ta alƙalami da ake kira EpiPen ba kasafai ake samunta a nan ba, ga tsada, don haka ki zauna da likitansa ya rubuta miki abin da za a yi a takarda, da nauyin yaron da adadin allurar, ki riƙa sabuntawa in ya ƙara girma. In an ba ki allurar ki ajiye, ba a barinta cikin mota ko a rana, ba a kuma daskarar da ita. Zafin Afrilu a Katsina na haura digiri 40, ita kuwa ƙasa da 25 take so.

A hanyar asibiti a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, in numfashi ne ya yi wuya a zaunar da shi, amma kar a miƙar da shi tsaye ko a sa shi tafiya. Kar a ɗura masa manja ko madara, ba sa karya komai, shaƙe shi za su yi. Ko ya warware a asibiti, a bari a lura da shi na wasu awanni, don abin kan dawo zagaye na biyu. A zaurenku ku san wa ke da mota, wane mai Keke Napep ne ke ɗaga waya ƙarfe biyun dare, wa za ta riƙe sauran yaran.

Maganar dangi kuwa, kar ki yi musu da Hajiya a tsakar gida, ba za ki ci riba ba. Ƙauna ce ke sa ta miƙa wa jika ƙuli. Ki sa maigida ya ɗauke ta ku je ganin likita tare, ta ji da kunnenta cewa lasa ɗaya na iya toshe maƙogwaro. Kaka in ta gamsu, ta fi kowa tsaro. A gidan biki da suna ku tafi da abincin yaranku a cikin kula, ɗaya ta zauna da su yayin da ɗayar ta shiga gaisuwa. A makaranta da Islamiyya a faɗa wa malami baki da baki, sannan a bar masa takarda, saboda a lokacin tara ne yara ke musayar abin da ke cikin kwanonsu.

Abin da ke ɓata irin wannan zaure shi ne ya koma kemis. Wata ta ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan zai saba, wannan ganganci ne, gwaji irin wannan a gaban likita kaɗai ake yinsa. Wata tsoro ya sa ta hana yaro ƙwai da wake da kifi da nono gaba ɗaya, har ya fara ramewa, alhali gyaɗa kaɗai aka tabbatar. A cire abin da likita ya tabbatar, a bar masa sauran. Masu fama da madarar shanu su sani nonon akuya ba mafita ba ne, yawancin yaran shi ma yana tayar musu. Na madara da ƙwai yara da dama kan rabu da shi in sun girma, na gyaɗa kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa.

In kina da goyo, kar ki yanke wa ƙanin hukunci da kanki. Binciken da aka yi a Ingila, wanda ya fito a 2015, ya nuna fara ba jarirai gyaɗa da wuri na rage kamuwa ƙwarai. Ki kai shi likita ya duba, musamman in yana da ƙyasfi ko fata mai ƙaiƙayi, shi zai faɗa miki lokacin da za a fara da kuma inda za a fara.