Hukuncin Ajiye Zanen da Ya Mayar da Mutuwar Sarauniya Dido Abin Dariya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina karatun tarihin zane-zane a ƙasar Holan. An ba mu aikin nazarin wani tsohon zane na ƙarni na 18, irin wanda ake sassaƙawa a farantin tagulla a shafa tawada a buga a takarda. Ya ɗauki mutuwar Sarauniya Dido ya mayar da ita wasan barkwanci, masu makoki suna kururuwa ta ban dariya. Ya halatta in nazarce shi? Zan iya rataya kwafinsa a ɗakina, ko in tura wa ƙawayena?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka.

Sai an san labarin kafin a yi hukunci. Rumawa sun ce Dido ta gudo daga birnin Sur, a Lebanon ta yau, ta kafa Kartaj a gaɓar Tunisiya. Mawaƙinsu Virgil, wanda ya mutu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce ta kamu da son jarumi Eniyas, da ya tafi ya bar ta sai ta sa aka tara itace, ta hau, ta soke kanta da takobinsa. Wannan almara ce, don haka ba za mu ce mai zanen ya ci naman matacciya ba. Wasu daga cikin irin waɗannan zane-zane ma suna zolayar masu zane da 'yan wasan dandamali ne da suka cika ƙawata wannan mutuwa.

Batun hoton kansa mai sauƙi ne. A mazhabar Malikiyya, abin da aka haramta shi ne sura mai inuwa, cikakkiyar gaɓɓai, kamar gunki. Zanen takarda ba shi da inuwa, kuma ya zo a Bukhari da Muslim cewa an togace "zane a jikin tufa". Amma idan aka ɗaukaka shi, kamar a rataya shi a bango, ya zama makaruhi. Nana A'isha (RA) ta rataya labule mai hotuna, Manzon Allah (SAW) ya ƙi shi, sai ta yanka ta yi matasai. Wasu malamai sun haramta ratayewar ɗungurungum, saboda hadisin cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake yi wa dariyar. Mace ce ta kashe kanta don baƙin ciki. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 29: "Kada ku kashe kanku, lallai Allah Mai jinƙai ne a gare ku." An wuce da gawar Bayahude, Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko waye sai ya ce: "Shin ba rai ba ce?" Zuciyar da ta saba ƙyalƙyala dariya a kan irin wannan mutuwa takan bushe. Kuma ba ki san halin da kowace ƙawarki take ciki ba. Wataƙila akwai wadda wani ya yaudara, tana kwana da wannan tunanin ba ta gaya wa kowa ba.

Saboda haka nazarinsa don karatunki ya halatta. Ki duba shi, ki rubuta yadda aka yi shi da abin da yake suka, ki ajiye shi cikin littafi ko kwamfuta. Idan akwai tsiraici, ki taƙaita kallo gwargwadon bukata. Rataya shi a bango makaruhi ne a mafi sauƙin zance, kuma ni ina hana ki. Tura wa abokan karatu don aikin makaranta babu laifi. Tura shi don a yi raha kuwa, ki bar shi.

Allah ne mafi sani.