Allurar nan ta masu ɗaga ƙarfe, da gaske tana ƙara wa zuciya ƙarfi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Shekarata 34, ina ɗaga ƙarfe, kuma tun bara aka ce min ina da hawan jini, ina kan magani. A inda muke motsa jiki akwai wani da ke kawo wata allura a 'yar kwalba wai GHRP-6, ya ce tana sa jiki ya murɗe kuma tana ƙara wa zuciya ƙarfi, wai har an gwada a waje. Don Allah gaskiya ne ko talla ce kawai? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kai tsaye zan faɗa maka, kar ka yarda a soka maka ita, balle kai mai hawan jini.

Abin da yake faɗa ba ƙarya ba ce zalla, shi ya sa take shiga kunne. GHRP-6 feftayid ce, wato ɗan guntun furotin, wani likita a Amurka mai suna Cyril Bowers ya haɗa ta tun wajejen 1980, aikinta ta zaburar da wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya saki sinadarin girma. A 1999 masu bincike a Japan suka gano ashe tumbin mutum ma yana yin irinta, suka sa masa suna girelin, shi ne ke sa ka ji yunwa, shi ya sa masu allurar nan za ka ga suna loda abinci ba ƙaƙƙautawa. A gwajin ɓeraye kuwa an ga ita da 'yar'uwarta hexarelin suna rage ɓarnar da tsokar zuciya ke yi in jini ya yanke mata, an kuma gwada girelin a kan 'yan tsirarun masu ciwon zuciya a Japan na 'yan makonni aka ga ɗan sauƙi. To amma fa iyakarta kenan, har yau ba a amince da GHRP-6 a matsayin maganin zuciya ba, kuma hukumar WADA mai yaƙi da amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta wa 'yan wasa ita.

Abin da ya fi damuna shi ne sinadarin girman kansa in ya yi yawa. Yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ƙafa ta kumbura, zobe ya matse yatsa, jini ya ƙara hawa, suga ma ya tashi. Muna ganin haka a masu cutar akromegali waɗanda jikinsu ke fitar da shi fiye da kima, bangon zuciyarsu yana yin kauri ya sandare har ta kasa cika da jini yadda ya kamata, wasu bugun ma ya rikice. Kai da hawan jini ya riga ya ɗora wa zuciyarka kaya, me zai sa ka ƙara mata wani?

Sannan ita kwalbar, ka duba ko akwai lambar NAFDAC a jikinta, galibi za ka tarar an rubuta na bincike ne kawai ba na mutane ba, ba ka san me aka zuba a ciki ba. In kuma ana karɓa-karɓar sirinji to ga ciwon hanta ga ƙanjamau.

Ka ci gaba da motsa jikinka, amma ka daina riƙe numfashi lokacin ɗaga mai nauyi don yana harba jini sama. In ka riga ka fara allurar ka tsaya, ka gaya wa likitanka ba ɓoye-ɓoye, a auna jininka da suga, a yi maka ECG, wato gwajin bugun zuciya, in da hali har hoton zuciya. In ka ji ƙirji na ciwo ko kana haki daga ɗan tafiya, ka tafi asibiti a ranar.