Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa nazarin Kogin Volta

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce kana son zuwa Jami'ar Gana da ke Legon ka yi bincike kan Kogin Volta, kana tambaya ko zaman Accra kaɗai zai wadatar. Gaskiya ba zai wadatar ba. Ka zo, amma tun daga gida ka ware kuɗin motar zuwa arewacin Gana.

Daga Accra abin da za a kai ka gani shi ne madatsar Akosombo mai samar da lantarki da aka kammala a 1965, da tafkinta mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500. To amma yawancin ruwan nan daga arewa yake gangarowa. Rassan kogin, wato Baƙin Volta da Farin Volta da Jan Volta, duk a Burkina Faso suka samo asali, reshen Oti kuwa ta Benin da Togo ya biyo. Can damina ɗaya ce kamar ta gida, shi ya sa kogin ke tumbatsa a Agusta da Satumba, ya janye da rani. Duk sa'ad da Burkina ta buɗe madatsar Bagre, manoman bakin Farin Volta ba sa barci, don ruwa na iya cinye gona ana gab da girbi. A 2023 kuma da tafkin ya cika aka saki ruwan Akosombo, garin Mepe da ke ƙasan madatsar ya sha ambaliya. Wanda bai ga saman kogin ba, ta yaya zai gane abin da ya sami ƙasansa?

Ka sauka wurinmu a Kumasi tukuna. In ka kama hanyar Tamale, za ka haye Baƙin Volta a Buipe, Farin a Yapei. Ni dai na fi so ka bi ta Atebubu zuwa Yeji, inda kakanninmu fataken goro ke ƙetarewa zuwa Salaga. Hausarka za ta yi maka aiki a kasuwar kifi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake zancen lantarki a mance da mutane. Kimanin mutum 80,000 aka tayar saboda tafkin, tsohon garin Kete Krachi kuma, inda Alhaji Umaru haifaffen Kano ya karantar har rasuwarsa a 1934, ruwa ya shanye shi. Ka nemi dattawan zangon can ka zauna da su tun suna raye, don Allah. Ka kuma daidaita tafiyarka ta faɗo a ƙarshen damina, ka sake komawa a Maris ka gwada bambancin.